Gahawar Baban Katuru

Ni dai ba na shan gahawa. Ɗaci gare ta, tana sa mini faɗuwar gaba, kuma har yau in na ji ƙamshinta daga nesa sai kafaɗuna su yi nauyi kamar na wuni ina daka. Amma na yi mata bauta damina biyu cur, irin bautar da ban tuna na yi wa 'ya'yan cikina ba.

Bayan rasuwar mijina na kwashe 'ya'yana daga ƙasar Zurmi na dawo gidanmu a Ƙauran Namoda. Innarmu ta riga ta rasu, ƙannena mata suna ɗakunansu, mazan kuma kowa ya kama gabansa, sai riƙon gida da riƙon Baba suka faɗo kaina. Da safe in tafi makarantar firamare inda nake koyarwa, in dawo da azahar in ɗora tukunya. A lokacin ƙafafun Baba sun fara ƙi, daga ɗaki sai zaure, daga zaure sai masallacin ƙofar gida. Da can dillalin hatsi ne, babu kasuwar da bai taka ba tsakanin Ƙaura da Shinkafi.

Amininsa ɗaya ne tak a duniya, wani manomi mai shanu a Katuru, can ƙasar Shinkafi. Tun muna yara Baban Katuru muke ce masa. Suna samari suka ɗauki sanda suka nufi gabas da niyyar Makka, guzuri ya ƙare musu a Sudan, suka zauna shekaru suna tsinkar auduga kafin Allah ya ba su ikon ƙetarewa. Can suka koyo shan gahawa, suka dawo da wata 'yar butar ƙasa mai dogon wuya da ƙananan kofuna marasa mariƙi. A unguwarmu ba wanda ya damu da ita, kowa shayi ya sani. Su kuwa har doka gare su: ba a shan gahawa mutum ɗaya. Baba yakan ce wanda ya sha ta shi kaɗai, magani ya sha. Sa'ad da yake da ƙarfi, duk Alhamis butar na cikin jakarsa zuwa kasuwar Shinkafi. Da ƙafa ta gaza, sai aminin ya koma shi ke zuwa Ƙaura.

Baban Katuru dogo ne, muryarsa kamar mai kiran shanu daga ƙetaren rafi, ga faɗa ga kyauta. Ban taɓa ganin ya shigo gidanmu hannu rabbana ba. Yau man shanu a kwalba, gobe zabi a ɗaure, in an yi kaka buhun gero. In ka yi masa godiya ya hau ka da faɗa, wai ka raina shi. Ni kuwa ya sa ni gaba da tsokana, Malama mai alli yake ce mini, wai boko ya cinye mini hannu ban iya tuƙa tuwo ba. Uba ne, ba dama in rama, sai dai in shiga ɗaki in yi ta ƙunƙuni.

Wata shekara wani maƙwabcinmu ya dawo daga aikin hajji ya kawo wa Baba tsarabar da ya roƙe shi, ɗanyar gahawa wadda ba a soya ba, 'ya'yanta kore-kore masu tsaga a tsakiya. Baba ya zuba ta a faifai ya raba biyu, ya tura kaso mafi yawa gefe ya ce na Katuru ne, don shi ya fi sakin hannu. Ya ba wani direba mai bin hanyar Shinkafi ya kai masa. Direban ya dawo da saƙo: Baban Katuru ya ce kada Baba ya taɓa tasa, shi ma ba zai kwance tasa ba, sai ya zo bayan an gama noma su buɗe tare.

Bai zo ba. A wannan daminar hanya ta lalace, mutanen daji suka zauna a kanta, motar da ta fita da safe ba a san ko za ta dawo ba. Daga baya ma aka rufe kasuwanni, aka yanke layin waya, muka zauna kamar an kife mu da ƙwarya. Da Baba ya ga abin ba na ƙarewa ba ne, sai ya kira ni ya miƙo mini ƙunshin. Ya ce in riƙe masa ita da rai har amininsa ya zo, don ba zai tarbi mutumin da ya ratso wannan hanya da matacciyar gahawa ba.

Na ɗauka wani ɗan aiki ne. Akwatin zannuwana na nufa da ita, don a wurinmu mata abu mai daraja nan ne mazauninsa. Baba ya tsayar da ni tun ban kai ƙofa ba. Ya ce akwatin da ya sha turaren wuta da humra? Gahawa magulmaciya ce, duk wanda ta zauna kusa da shi sai ta kwashe warinsa ta kai gaba. Kada ta ga daddawa, kada ta ga albasa, kada ta ga sabulu ko kananzir. Ba ta son rana, ba ta son zafi, ba ta son danshi, ba ta son a riƙa buɗe ta ana leƙawa. Kuma kada in kuskura in soya ta wai don ta daɗe, soyayya 'yan kwanaki ne ƙamshinta ya gudu, dakakkiya kuwa ko wuni ba ta yi da mutunci. Na ce a raina, to wannan amarya ce ko abin sha?

Na zuba ta a gwangwanin madara na rufe. Da ruwa ya kankama na buɗe na tarar cikin gwangwanin yana gumi, bakinsa ya fara tsatsa. Wata abokiyar aikina ta ce in kawo ta sa mini a firij ɗinta, firij ɗin da wuta ke leƙo shi sa'ad da ta ga dama, ga kifi ga zoɓo a ciki. Na yi mata godiya na wuce. A ƙarshe sai na tuna yadda ake ajiye irin wake a gidan su mijina a Birnin Tsaba. Na sayi sabon ɗan tulu wanda bai taɓa shan ruwa ba, na shanya shi ya bushe ƙarau, na zuba busasshiyar toka a ƙasansa da gutsattsarin gawayi, na ɗinka 'yar jaka ta farin ƙyalle na juye gahawar ciki, na rufe bakin tulun da kasko na liƙe da yumɓu. Na ɗora shi kan dutse a lungun ɗakin Baba inda rana ba ta kaiwa, nesa da bango don kada ya sha sanyinsa. In sama ta yi kwanaki ba ta zubo ba, sai in fasa yumɓun da tsakar rana, in baza ta a inuwa, in tsince duk ƙwayar da ta sauya launi, in sake toka, in sake liƙewa. Hannuna ya yi ta tsagewa da kwaɓa yumɓu.

Ana cikin haka gida ya cika. Dangin Innarmu suka gudo daga Kurya Madaro, dangin mijina suka gudo daga wajen Birnin Tsaba, kowa da 'ya'yansa da tukwanensa da tabarmi. Wa za ka kora? Tsakar gida ta koma murhu-murhu, hayaƙi ba ya yankewa, wannan na kaɗa miyar kuka, waccan na shanyar daddawa a bakin tagar Baba. Na zama mahaukaciya a gidan ubana, ina bin mutane ina cewa a matsar da wannan, a ɗauke wancan. Matan da suka baro gidajensu da gonakinsu suna kallona ina tada jijiyar wuya a kan tulu ɗaya, na san abin da suke faɗa in na ba da baya, kuma ban ga laifinsu ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ranar da labari ya fita cewa abin da ke cikin tulun daga Makka ya zo. Shi ke nan. Mai ciki na son ƙwaya uku ta jiƙa ta sha don tubarraki, mai ciwon kai na so, wadda ɗanta ke firgita tun gudun da suka yi tana so ta rataya masa a wuya. In na hana, su wuce ni su durƙusa gaban Baba, shi kuwa bai iya cewa a'a ba, sai ya ce Malama ki ɗan taɓa musu. Ni ce mai fasa yumɓu, ni ce mai sake kwaɓawa. Wata goggonmu har shukawa ta yi a bayan bayi tana ba ta ruwa safe da yamma. Haka jakar ta yi ta ramewa ina ji ina gani.

A damina ta biyu muka ji an faɗa wa Katuru, mutane sun watse. Wasu suka ce an ga Baban Katuru a Shinkafi, wasu suka ce ya ƙetare Nijar, wasu kuma suka yi shiru suka sunkuyar da kai, wanda ya fi kowace magana muni. Baba bai tambayi kowa komai ba. Sai dai duk Juma'a in ya dawo daga masallaci ya ce, kin duba ta? In ce na duba. Ya ce tana nan da ranta? In ce tana nan. Na daɗe ban gane ba cewa ba gahawa yake tambaya ba, kuma da na gane sai tsoro ya kama ni, don na ga ranar da na ce masa ta mutu, zai kwanta ne.

Wata rana gajiya ta ci ƙarfina. Na wuni a makaranta, na dawo na tarar ɗakin Baba ya yi yoyo daf da tulun, na kwashe kaya ina tsane ƙasa da tsumma, bayana kamar zai karye. Na ce masa don girman Allah ya bari in soya masa ya sha abinsa mu huta, in mutumin ya zo ai da tasa zai zo. Bai yi fushi ba, da ma ya yi. Ya dube ni kawai ya ce in na gaji in kawo masa yumɓun shi ya kwaɓa. Na fita na zauna bakin murhu na yi kukana, na share ido na koma na liƙe tulu.

Bayan an yi girbi, da aka ɗan samu motoci na bi, Baba ya riƙa ba kowane direban Shinkafi saƙo a nemo masa labari. Wata ranar Asabar da hantsi sai ga direban nan da ya kai gahawar tun farko ya yi sallama, yana riƙe da hannun wani tsoho. Wallahi ban gane shi ba. Ya rame ya ranƙwafa, idanunsa sun yi fari da yana, riga ɗaya ce a jikinsa. Direban ya ce a wata makaranta ya same shi a Shinkafi cikin 'yan gudun hijira, ya daɗe a can, kuma ya sha gaya masa Baba na nemansa yana ƙin tahowa. Sai yau da ya ce masa ba zai tada mota ba in ba da shi ba.

Tsofaffin biyu suka riƙe hannun juna a zaure. Daga baya labarin ya fito kaɗan-kaɗan. Shanu sun tafi gaba ɗaya, an ƙone rumbuna, babban ɗansa ya rasu a ranar, sauran iyali sun warwatsu. Shi ya yi kwanaki cikin gonakin dawa, ruwa na dukansa, kafin ya kai Shinkafi da ƙafa. Abin da ya hana shi zuwa Ƙaura kuwa, ko bai faɗa ba mun sani, kunyar shigowa gidan nan ba buhu ba kwalba. Yana cikin magana sai ya sa hannu ƙarƙashin riga ya kwance wani ƙunshi da ya ɗaure a ƙugunsa, leda kan leda, an naɗe da tsumma an ɗaure da igiya. Ya miƙo shi wajen da ya ji motsina.

“Malama mai alli, kina nan? Amshi. Ban zo hannu rabbana ba. Tun da anka kawo min ita ban kwance ba. Tahi ki soya muna, tawa za mu sha.”

Na kai madafi na kwance. Tun a leda ta biyu wari ya buge ni. Ruwa ya shige ta tun a daji, ledar ta riƙe shi ta hana shi fita, gahawar ta yi funfuna ta dunƙule wuri ɗaya, baƙi-baƙi da fari-fari, in ka matsa sai ta marmashe. Ko akuya ba za a ba ba. Shi bai sani ba, ido babu, hanci kuma taba ta kashe shi tun tuni, ga alkawarin da ya hana shi buɗewa. Na leƙa zaure na yi wa Baba alama, ya dogara sanda ya biyo ni kamar zai kewaya. Na miƙa masa ya shinshina, ya daɗe yana kallon ƙunshin, sannan ya yi magana ƙasa-ƙasa.

“Soya tamu. Tasa ce.”

Na fasa yumɓun, wannan karon ba don in sake liƙewa ba. Na hura gawayi na ɗora kasko, na zuba, ina juyawa har ta fara ƙara tana tsatso mai. Jama'a, ƙamshin da ya tashi! Matan gidan suka bar abin da suke yi suka tsaya. Tana nan da ranta kamar jiya aka sauke ta daga jirgi. Na daka ta a ƙaramin turmi da 'yar citta, na dafa a butar nan mai dogon wuya, na kai musu na durƙusa gefe. Ba zan ɓoye ba, kalma ɗaya nake jira, ko sannu ce.

Baban Katuru ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye. Sai na ga bayansa ya miƙe. Ya ce wa Baba, ka ji ko? Ka ji abin da ake kira ajiya? Sannan ya juyo kaina ya shiga koya mini yadda ake adana gahawa: leda uku, a ɗaure tamau, a sa a jiki inda ɗumin mutum yake. Ya ce ku 'yan boko sai surutu, da ke aka ba wa da tuni ta mutu. Na ce haka ne, Baba. Ya ce duk abin da ya tara a duniya sun kwashe, amma wagga guda bai bari ta lalace ba. Baba ya sunkuyar da kai yana juya kofi a hannunsa.

A ɗakin zaure muka sauke shi. Cikin 'yan kwanaki mutumin da aka shigo da shi riƙe da hannu ya fara cin tuwo yana neman ƙari, murya ta dawo, faɗa ya dawo. Kullum da hantsi sai ya ƙwala kira a soya. Kuma da yake mai hali ba ya barin halinsa, duk wanda ya yi sallama a zauren sai ya ce a ƙaro kofi. Liman ya sha, direbobi suka sha, dillalan hatsi abokan Baba suka sha suna yamutsa fuska. Shi kuwa yana ta cewa ku sha, tawa ce, daga Katuru na zo da ita, akwai ta da yawa. A lissafinsa gaskiya ya faɗa, kasonsa ne mai yawa kuma ba wanda ya taɓa shi. Tamu ce ƙarama, wadda masu ciki da masu ciwon kai suka riga suka sha rabinta.

Na shiga neman mafita kamar mai neman allura cikin ruwa. Na zaga kasuwar Ƙaura ba mai ɗanya, sai garin nan na cikin 'yar takarda da masu shayi ke zubawa, wanda ko a mafarki ba zai wuce harshensa ba. Na roƙi direbobi su duba mini a Gusau, suka dawo ba labari. Alhazai kuwa da sauran watanni kafin ma su tafi. Sai na koma rage hannu, ina ƙara citta, ina ƙara kanumfari, ina mai da tsohon gari cikin buta. Na tambayi Baba me za mu yi ranar da ta ƙare, ya ce Allah zai kawo. Na ce Allah kam yana kawowa, amma ni ce ke tsaye gaban kasko. Shi ma abin na cin sa, mutumin da ban taɓa jin ƙarya a bakinsa ba ga shi kullum yana gyaɗa kai ana yabon leda.

Ranar da na kakkaɓe jakar na soya ɗan abin da ya rage, ruwan da ya fito ko launin kirki babu. Akwai baƙi biyu a zaure. Baban Katuru ya kurɓa ya ajiye kofin. Ya ce kwana biyu yana jin hannuna ya yi sanyi, rowa nake masa da kayansa ko me? In ɗauko masa ƙunshinsa ya ji nauyinsa da hannunsa.

Ƙunshin na nan, ban zubar ba, don ba nawa ba ne. A wata tsohuwar tukunya na kife shi bayan ɗaki. Na je na ɗauko. Da na shigo na dubi Baba, na ga ya gyara zama, na san gaskiya zai faɗa a gaban baƙi, ya gaya wa mutumin nan cewa abu ɗayan da ya tsira da shi ma ruɓaɓɓe ne, kuma gahawar da yake ta rabo ta sadaka ce. Ban shirya ba, ban yi tunani ba, kawai na ji gwiwoyina a ƙasa gaban Baban Katuru, na riga Baba magana.

“Baba, ka yi mini aikin gafara. Kusa da randa na ajiye ta, ruwa ya shige ta ban lura ba. 'Yar wadda na tsame ce nake ta soya muku. Ga sauran.”

Ya karɓa ya kwance, ya cusa yatsu, ya murza, ya kai hanci har ya taɓa. Sai ya fashe. Kai, na sha faɗa a rayuwata, amma ban taɓa shan irin na ranar ba. Ya ce shi tsoho makaho ya ratsa daji da ita, ruwa bisa ruwa ƙasa, mutuwa na bin sa, ƙwaya ɗaya ba ta yi komai ba, ni da ido biyu da ɗaki mai rufi na kashe ta cikin 'yan kwanaki. Ya ce da ma ya faɗa, alli ya cinye mini hannu. Ya kira baƙin shaida, ya kira Baba shaida. Matan gida suka taru bakin ƙofa suna ji, waɗanda na hana shanyar daddawa suna kallon juna. Muryarsa ta cika zauren har waje, irin muryar da na sani tun ina yarinya, ta mai gida mai shanu wanda aka yi wa ɓarna a dukiyarsa. Ina durƙushe, da furfurata, kaina a ƙasa, zuciyata na tafasa. Da ya gaji ya yi ajiyar zuciya ya ce in tashi, ƙuruciya ce, Allah ya kiyaye gaba.

Baba ya dogara sanda ya shige ɗaki. Da na shiga kai masa ruwan alwala ne ya riƙe bakin butar bai saki ba, ya ce Allah shi yi miki albarka, a hankali kamar mai tsoron bango ya ji. Iyakar abin da na samu ke nan, kuma ba mu sake tada maganar ba har ya bar duniya.

Baban Katuru bai koma gida ba, babu gidan komawa. A zaurenmu ya ƙare kwanakinsa, kuma babu baƙon da ya zauna da shi bai ji labarin gahawar da ya ratso daji da ita lafiya lau, Malama ta kashe ta a bakin randa ba. Labarin ya zaga unguwa, har ya kai makarantarmu. Mata suka riƙa ba ni shawarar yadda ake ajiye kaya, wata har ta hana ni ajiyar kuɓewarta busasshiya. Sau da yawa maganar ta zo mini har maƙogwaro, musamman in na gaji, sai in tuna yadda aka shigo da shi in haɗiye. Ba wai na daina jin haushi ba ne, har yanzu ina ji.

Da ciwon ajali ya kama Baban Katuru, ni ce ke ba shi kunu a baki. Wata safiya ya lalubo hannuna ya riƙe, ya ce akwai abin da ba ya so ya tafi da shi bai faɗa ba. Na ce a raina ashe ya sani. Na matsa kusa.

“Ɗiyata, maganar gahawar nan. Kada ki riƙe ta a rai. Na yahe miki, duniya da lahira.”

Na ce na gode, Baba. Na gyara masa matashi, na ɗauki kwanon kunun na fita, don rana ta yi kuma ban ɗora tukunya ba.